Kafin Ki Miƙa wa Likita Kunnenki

Kurfi, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, wadda nake kira Uwata tun ranar da aka raɗa mata sunan mahaifiyata. Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da maigidanki Malam Ɗahiru, da ɗan jikana Lawal. Allah ya kai ku Kaduna lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi wa maigidanki ya zama alheri gare ku baki ɗaya. Amin.

Bayan haka, na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali Kurfi da Dutsin-Ma ba nisa, kuma shekaranjiya kina zaune a gabana kin zo sallama. Dalilin kin san shi. Magana da ni yanzu sai an ɗaga murya, abin da nake so in faɗa miki kuwa bai kamata maƙwabta su ji ta bayan katanga ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun magini ne, kuma bokon nawa na yaƙi da jahilci ne.

Da kika zo, kin faɗi wata magana wadda ban ji ba, sai bayan kin tafi Innarki ta matso kusa ta maimaita mini. Ta ce kin ce, "Ni dai in na je Kaduna likita ya ce zai yi mini aiki irin na Baba, na yarda. A kashe kunnen in huta." Uwata, ban ga laifinki ba. Wanda bai taɓa ganin ɗaki yana juyawa da shi ba, bai taɓa riƙe ƙasa da hannu bibbiyu yana roƙon ta tsaya ba, shi ne zai ce kin yi gaggawa. Ni na sani. Ciwon nan da ya kama ki nawa ne, juwar ita ce, ƙugin kunnen shi ne, aman shi ne. Kina ƙarama lokacin da na sha nawa, abin da kika sani guntu-guntu ne. Bari in ba ki shi daga farko, sannan ki yi shawara da kanki.

Ya fara mini ne a Barkiya, da rani, ina saman wani soro ina yaɓe. Tun da safe na ji kunnena na hagu ya toshe, kamar na yi wanka ruwa ya shiga, kuma akwai wata ƙara a ciki irin ta injin niƙa daga nesa. Ban kula ba. Rana ta ɗaga, sai na ga garin ya karkace. Rumbuna, itatuwa, mutanen da ke cuɗa ƙasa, duk suka kama gudu suna zagaya ni. Na kwanta rub da ciki a kan ɗanyen yaɓe, na kafa yatsu a ciki, ina salati. Baba Bulus kafinta, wanda kika sani, yana ƙasa yana kafa ƙyaure. Shi ya hau, ya ɗaura mini igiya a ƙugu, aka zuro ni kamar guga. Ina ta amai har la'asar. Da abin ya lafa na tashi garau, sai dai kunnen ya rage ji.

Mutane ba su rasa abin faɗa ba. Wasu suka ce iska ce, don akwai tsamiya kusa da gidan. Kawunki ya rantse wani magini ne ya yi mini jifa saboda na karɓi aikin da yake so. Aka kai ni wurin wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya. Aka ɗiga mini man shanu a kunne, aka ɗiga ruwan tafarnuwa, aka ɗiga wani abu da har yau ban san sunansa ba, wanda ya sa ramin kunnen ya kumbura ya yi ruwa. Duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin, ni kuma ina jin nauyin in ce a'a. Damina biyu suka wuce a haka. Ki ji ni da kyau: addu'a ki riƙe ta, rubutu ki sha, amma kada ki bari kowa ya zuba miki komai a kunne. Ciwon ba a bakin kunne yake ba, abin da aka zuba ba ya kai wa gare shi. Kuma kada ki karɓi zancen wane ne ya yi miki. Maginin nan da aka zarga, shi ya riƙa aiko mana da dawa lokacin da na kwanta.

Malamin ɗakin shan magani na Dutsin-Ma ne ya fara cewa wannan ya fi ƙarfinsa. Ya tura ni Katsina, daga can aka tura ni babban asibiti a Kano, wurin likitan kunne. Bature ne, dogo, mai sanyin magana, akwai wata nas Bahaushiya da ke yi mana tafinta. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora mini a goshi da bayan kunne. Ya zuba mini ruwan ɗumi da na sanyi a kunne don gwaji, juwa ta taso nan take ina kwance a gabansa. Sannan ya zana mini hoto. Ya ce can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan ɗaki a cikin ƙashi mai ruwa a ciki. A ɗakin nan ji yake, a nan kuma abin da ke riƙe mutum a tsaye yake, maƙwabtan juna ne. Ruwan ne ke yin yawa ya matse su duka biyun. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in bar gishiri, in bar kanwa, in rage goro, in dawo bayan wani lokaci.

Da jin haka na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Ashe shi ne mai wuyar. Magini a gidan mutane yake ci. Duk inda kake gini, matar gida za ta tuƙa tuwo ta yi miya ta nuna bajinta. Na tuna a Kuki, wata tsohuwa, uwar mai gidan da nake yi wa zaure, ta kawo mini akushi da kanta. Na ce, "Iya, likita ya hana ni gishiri." Ta dube ni ta ce, "Likita ne zai ɗaga maka tubali? Ci, ɗana, miya ba ta taɓa kashe kowa ba." Na ci. Washegari ma na ci. A gida Innarki tana yi mini tawa tukunyar daban, a waje ina rushe abin da ta gina. Ƙwayoyin kuma in na ji sauƙi sai in ajiye, in juwa ta dawo in ɗauko. Da na koma Kano na ce wa likita magani bai yi ba. Gaskiyar ita ce ban sani ba ko zai yi, don ban ba shi filin da zai nuna kansa ba.

Saboda haka, in aka ɗora ki a kan magani, ki bi shi kamar yadda kike bin azumi. Ki faɗa wa maigidanki, ki faɗa wa maƙwabtan da za ku samu a can tun ranar farko, kafin su fara aiko miki da kwano. In an kawo ki karɓa ki yi godiya, ki ba wasu. Kunyar kwana ɗaya ce, daga nan kowa ya sani. Ke kin fi ni sa'a, tukunyarki a hannunki take.

Abin da ya kai ni ga wuƙar likita shi ne faɗuwar da na yi a Ɗantutture. Wannan karon babu toshewar kunne, babu gargaɗi. Ina kan tsani da tubali a hannu, sai kawai na gan ni a ƙasa, kamar an fizge ni. Ƙashin kafaɗata ya karye. Kafaɗa ta warke, amma aiki ya tsaya. Ba wanda ya ƙi ni, tsoro suke ji. Wani dattijo da na yi wa mahaifinsa gini ya faɗa mini a fili, "Malam Isiyaku, ba na so a ce a gidana ka mutu." Rani ya shigo, lokacin da magini ke samun abin shekara, ina zaune a zaure ina jin ana cuɗa ƙasa a unguwa. Ku kuna ƙanana, ƙanenki yana goye. Ba ni da gona mai kirki, tun ina yaro ƙasar gini na sani. A wannan hali na koma Kano.

Kafin mu tafi, Baba Bulus ya ce sai na ga wata mata 'yar cocinsu a Dutsin-Ma, Malama Saratu, wadda ta taɓa koyarwa a makarantar 'yan mata. Ita ma ciwon ne da ita, ta riga ni kamuwa, kuma an yi mata tayin tiyata ta ƙi. Muka same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta nuna mini hannunta na dama, tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu tabon ƙuna ne, juwa ta jefa ta a murhu. Aikin koyarwa ya kuɓuce mata, don ba dama malama ta riƙa zubewa a gaban yara. Na ce, "Malama, duk da wannan ba ki yarda an yi miki aikin ba?" Ta ce, "Malam, ni waƙa nake yi a coci. In na rasa kunne, da me zan kama murya? Ina nan ina shan maganina. Ko ciwon ya tafi, ko ya tafi da ni." Na fito ina ganin taurin kai ne.

A Kano likitan bai ɓoye mini komai ba, wannan shaida zan ba shi har gaban Allah. Ya ce akwai hanya biyu. Ko in koma kan magani, in bi shi sosai, in jira, don ciwon yakan gaji da kansa a wurin wasu, amma bai san yaushe ba, bai kuma san ko zai gaji a wurina ba. Ko kuma ya buɗe ƙashin bayan kunne ya rushe ɗan ɗakin nan gaba ɗaya. In ya rushe shi juwa ta ƙare, amma ɗan jin da ya rage a kunnen ya tafi, ba dawowa.

Na ce, "Nawa ne ya rage?"

Ya ce, "Kaɗan ne. Amma akwai."

Baba Bulus, da yake tsaye a bayana, ya ce wa nas ɗin, "Ki tambaye shi, ɗaya kunnen fa?"

Likita ya ce, "Yau lafiyarsa lau. A yawancin mutane ciwon a kunne ɗaya yake tsayawa. A wasu yakan tsallaka. Ba ni da hanyar sanin ko kai wane ne a ciki."

Muka fito muka zauna a gindin wata bishiyar bedi. Baba Bulus ya ce, "Magini, ka ji abin da ya ce. Ka bari mu koma gida. Ka zo shagona ka riƙa riƙe mini katako, aikin ƙasa ne, ba hawa. Ka ba maganin nan shekara."

Na ce, "Kafinta, shagonka da ƙyar yake ciyar da gidanka."

Ya ce, "Za mu raba."

Na ce, "Ni magini ne. In ban hau ba, ni ba kowa ba ne."

Duk da haka bai tafi ba. Ya zauna da ni har aka yi aikin, yana kwana a barandar asibiti, shi ke riƙe mini tasa in zan yi amai. Ki riƙa gaishe shi, Uwata, ko a takarda. Ba kowane ɗan'uwa na jini zai yi wannan ba.

Ba zan ce miki na yi kuskure ba, ba kuma zan ce na yi daidai ba. Abin da na sani shi ne a ranar ban auna maganar likita ba. Na ji "yawancin mutane", na sa kaina a cikinsu, na rufe zancen. Raina a ƙuntace yake, kafaɗata ba ta gama daina ciwo ba, yunwar gida tana gabana. Ga abin da nake roƙon ki: kada ki yanke shawara a makon da juwa ta kayar da ke. A wannan makon ko hannu aka ce za a cire miki ki huta, za ki miƙa. Ki bari sai kin samu kwanakin sauƙi, kin ci, kin yi barci, kin yi istihara, sannan ki ba da amsa.

Da na farfaɗo daga aikin, na ɗauka an cuce ni, don juwar da na ji ta fi ta kullum. Nas ta ce haka yake, jiki ne ke neman sabon tsayi. Aka koya mini tafiya kamar yaro, ina bin bango. A hankali ƙasa ta tsaya. Na dawo Kurfi, na fara da katanga, na koma ɗaki, kafin shekara ta zagayo ina saman soro. Juwa ba ta sake zuwa ba. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi albarka a sana'ata. Da su na ciyar da ku, da su na sa ki makaranta, da su na yi miki kayan ɗaki. In wani ya ce miki tiyata ba ta da amfani, ki ce ya zo ya tambaye ni.

Amma akwai abin da ba a faɗa mini ba, don ban tambaya ba. Mai kunne ɗaya yana ji, sai dai bai san daga ina ba. A kira ni daga gabas in waiga yamma. A kasuwar Dutsin-Ma, in hayaniya ta yi yawa, maganar wanda ke gabana sai ta narke a cikin ta jama'a. Mota ta taho ta hagu, sai na ga ƙurarta. In duhu ya yi, ko a kan yashi, tafiyata takan yi tangaɗi, har wani ya taɓa zaton na fara shaye-shaye. A masallaci na koma tsayawa a ƙarshen sahu ta hagu, don liman ya kasance ta wajen kunnena mai ji.

Sai kuma girman kai irin na mai rabin ji. Wani Alhaji ya ba ni ginin shago a bakin tasha. Yana ta bayani yana tsaye ta haguna, motoci na ruri, ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina "to, to, Alhaji". Ya tafi fatauci. Ya dawo ya tarar na fitar da ƙofar shago tana kallon bayan gidan wani, hanya tana bayanta. Ya riƙe baki ya ce, "Malam Isiyaku, awaki zan sayar wa kaya?" Muka yi dariya, amma ni na rushe na sake da guzurina. Tun daga ranar na koyi cewa, "Ban ji ba, a sake faɗa." Ki koye ta tun yanzu. Ki faɗa wa maigidanki, ki faɗa wa likita musamman. In ya yi bayani ba ki gane ba, ki ce ya sake, ko sau nawa ne. Kada ki gyaɗa kai don kunya a kan abin da za a yi wa jikinki.

Bayan an samu mulkin kai, ina ganin na rabu da ciwon har abada, wata Juma'a ina alwala sai na ji injin niƙan nan ya tashi. A kunnen dama. Na zauna a bakin rijiyar masallaci, butar tana hannuna, na kasa ƙarasa alwalar. Ba juwa na ji tsoro ba a lokacin. Na tuna ɗan jin nan da aka ce kaɗan ne amma akwai. A ranar da na bayar da shi ban ɗauke shi a bakin komai ba. A bakin rijiyar nan, da za a mayar mini da shi, da na ba da duk abin da na gina.

Na koma Kano. Wancan likitan ya tafi ƙasarsu, wani na samu, ɗan ƙasa, saurayi. Ya duba ni ya ce, "Baba, wannan kunnen ba mai taɓa shi da wuƙa. Shi kaɗai ya rage maka. Magani ne, da kiyaye abinci, da haƙuri." Hanyar da na guje wa ita na dawo na bi, kuma yanzu ba ni da wata. Wannan karon na bi ta da gaske. Na bar hawa, na koma tsayawa a ƙasa ina nuna wa yara. Innarki ta daina sa gishiri a tukunyar gidan gaba ɗaya, ta ce ba za ta ci mai daɗi ina cin lami ba. Kin sha yi mata tsiya a kan miyarta, yau kin ji dalili. Juwar tana zuwa jefi-jefi, ba ta kai ta da ba. Jin yana raguwa a hankali, amma har yau da saura, kuma ina lallaɓa shi.

Malama Saratu kuwa tana nan. Ciwon ya gaji ya bar ta, bayan ya ci mata shekarun ƙuruciyarta. Tana ji da kunnuwanta biyu, ko da yake sama-sama, tana kuma waƙarta. Kwanaki na haɗu da ita a Dutsin-Ma, ta matso ta ce mini da ƙarfi, "Malam, ni na riƙe kunne na rasa aiki, kai ka riƙe aiki ka rasa kunne. Wa ya ci riba?" Na ce, "Malama, sai dai mu tambayi Mai sama." Ki je ki gaishe ta kafin motarku ta tashi. Ki tambaye ta yadda ta yi da shekarun jira, wannan ita ta san shi, ni ban sani ba.

To, ke taki ba irin tawa ba ce, kuma a nan nake so ki tsaya ki duba. Ni na je wurin likita kunnena ya kusa mutuwa. Ke naki yana ji, in ban da ranakun da ya toshe. Ni abincin gidana a saman tsani yake. Ke ba wanda ya ce sai kin hau. Hatsarinki wuta ne, da rijiya, da goyo. Waɗannan ana iya yi musu dabara. Ki riƙa girki a zaune, tukunya a gefe, ba a gabanki ba. Ki bar jan ruwa, a sayo ko a ɗebo miki. In kika ji kunnen ya fara cika, ki sauke Lawal, ki kwanta a ƙasa, ki kafa ido a wuri ɗaya, kada ki ce bari in ƙarasa wanke-wanke. Maigidanki mutumin kirki ne, na ga yadda fuskarsa take in ana zancen ciwonki. Kada ki ɓoye masa ranar da abin ya zo don gudun ɗaga masa hankali. Ɓoyewar ce za ta ɗaga masa hankali ranar da ya dawo ya same ki a ƙasa.

Malam Ɗahiru ya rubuta mini a takarda cewa ya ji yanzu akwai wani sabon aiki, wanda ba a rushe ɗan ɗakin nan na cikin kunne, sai dai a buɗe wa ruwan hanya ya rage, a bar ji a wurinsa. Ban san shi ba, a zamanina ba a yi mini tayinsa ba. In gaskiya ne, alhamdu lillahi. Amma ki tambaya da bakinki. Aikin da za a yi mini, wanne ne, mai rushewa ko mai bari? In mai bari ne, ana samun wanda ya rasa jin duk da haka? Juwar tana tafiya gaba ɗaya ko tana dawowa? Shi likitan ya taɓa yin sa da hannunsa, kuma waɗanda ya yi wa suna ina? In na jira shekara a kan magani, me zan rasa? Sannan ki yi tambayar Baba Bulus, ɗaya kunnen fa, ki kuma faɗa masa abin da ya sami mahaifinki. Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Ki tafi da maigidanki, kunnuwa huɗu su saurara, ku dawo gida ku kwana a kan maganar.

In kin bi magani da gaskiya, kin ba shi lokacinsa, abin ya ƙi, har ya zama rayuwarki ko ta yaronki tana cikin hatsari, likita kuma ya ce aiki ne mafita, to ki yi bismilla ki shiga. Kada ki ce Baba ya hana. Ban hana ba. Ni kaina, in aka mayar da ni gindin bedin nan da yara ƙanana da rumbu wayam, ban san abin da zan zaɓa ba. Abin da nake so kawai, duk wadda za ki bi, ki bi ta ido buɗe, kin san abin da kika bayar da abin da kika karɓa. Magani in bai yi ba ana iya komawa ga wuƙa. Wuƙa in ta wuce ba a komawa ga magani. Saboda haka ki fara da wanda ake dawowa daga gare shi.

Kada kuma ki ɗauka ni na ba ki wannan ciwo har ki riƙa jin nauyin yi mini zancensa, ko ki ɗauka ina zaune cikin baƙin ciki. Na tambayi likita ko gado ne, ya ce wani lokaci akan samu a gida ɗaya, ba su san dalili ba. Allah ne ya rubuta mana, ni da ke. Ina cin abincina, ina zuwa masallaci, ina ganin gine-ginena a tsaye duk inda na bi. Abin da ya fi mini ciwo kaɗan ne, kuma zan faɗa miki shi.

Shekaranjiya, kina ɗaki kuna magana da Innarki, Lawal ya tako ya hau cinyata. Ya kama kunnena da hannu biyu, na hagun, ya sa bakinsa a ciki ya yi ta zuba zance. Na ji ɗumin numfashinsa, na ji yawunsa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na juya masa na daman, sai ya ga wasa ne, ya ƙyalƙyale ya sauka ya bi kaza. Muryar yara siririya ce, ta riga ta fi ƙarfina. Yanzu ya fara haɗa magana, kuma a Kaduna zai gama haɗa ta. Ki saurare shi da kyau, Uwata. Duk abin da ya faɗa, mai ma'ana da marar ma'ana, ki rubuto mini, da manyan baƙaƙe, yadda ya faɗe shi, kada ki gyara.

Innarki tana gaishe ki, ta ce daddawar da ta ƙulla miki ba gishiri a ciki, kada ki haɗa ta da ta kasuwa. Ƙannenki suna gaisuwa. Ki miƙa gaisuwata ga Malam Ɗahiru, ki ce na ba shi amana, na kuma san zai riƙe.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Allah ya haɗa ki da likita mai tsoronsa, ya sa hannunsa ya zama sanadin waraka. Allah ya tsayar miki da ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunki, ya bar miki jinki har tsufa, ya raya Lawal a kan tafarki madaidaici. Allah ya sauke ku lafiya, ya sa mu sake ganawa cikin alheri. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Isiyaku Magini, Kurfi.